Kulob ɗin Rotary na Kano da yaƙin shan inna

A shekarar 1961, Najeriya ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, aka kafa kulob na farko na ƙungiyar Rotary a ƙasar. A Kano aka kafa shi, na Legas da na Ibadan suka biyo baya a cikin shekarar. Mutane da yawa a birnin ba su san da wannan tarihi ba, kuma ba abin mamaki ba ne, domin kulob ɗin ya daɗe yana rayuwarsa a gefe guda, tsakanin lauyoyi da likitoci da manajojin kamfanoni da manyan 'yan kasuwa. Talakan Kurna ko na Yakasai in ma ya taɓa jin sunan, to a jikin wani allo ya gan shi, ko a bakin masu cewa ƙungiyar asiri ce ta masu kuɗi.

Bayan shekara arba'in da biyu, wani ɗan wannan kulob ya zama shugaban Rotary na duniya baki ɗaya, kuma a daidai lokacin ne jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, aikin da ƙungiyar ta fi zuba wa dukiya da ƙarfi a duk tarihinta. Abin da ya faru daga nan zuwa shekarar 2020 shi ne lamarin da za mu duba, domin yana nuna iyakar abin da kulob na masu hidimar sa kai zai iya yi da hannunsa, da kuma abin da sai ya jira wasu su yi masa.

Yadda kulob yake rayuwa

Wani lauya mai suna Paul Harris ne ya kafa Rotary a birnin Chicago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905. Shi da abokansa uku suka fara, kuma zumunci ne ya fara haɗa su kafin aikin taimako ya shigo. Tsarin da aka gada daga wancan lokaci bai sauya sosai ba. Kowane kulob yana da ranar taronsa, galibi sau ɗaya a mako, a otal ko wani zaure da aka saba. Ana buga ƙararrawa a buɗe taro, a ci abinci, a saurari baƙon da aka gayyato ya yi bayani kan sana'arsa ko kan wata matsala ta gari, a karanta rahoton kwamitoci, a tara kuɗi. Wanda ya makara ko ya manta da bajensa ana cin sa tara cikin raha, kuɗin kuma su shiga asusun aiki. Akwai tambayoyi huɗu da ake maimaitawa a wurin taro, waɗanda aka ce ɗan ƙungiya ya auna maganarsa da aikinsa da su: shin gaskiya ne, shin an yi wa kowa adalci, shin zai ƙara zumunci, shin zai amfani duk wanda abin ya shafa.

Shugabanci shekara ɗaya ne tak. Ranar 1 ga Yuli sabon shugaba yake karɓa, daga ƙaramin kulob har shugaban duniya. Wannan abu ne da nake ganin ƙungiyoyinmu na unguwa za su amfana da shi, domin mun sha ganin ƙungiyar ci gaban unguwa ta mutu a aljihun shugabanta na farko, wanda ya riƙe littafin rajista da hatimi har tsufa ya cim masa. A Rotary ana biyan kuɗin ƙa'ida, ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma wanda ya daina zuwa taro ana tambayarsa dalili. Mata ba su samu damar shiga a hukumance a duk duniya ba sai a 1989, bayan hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1987. Matasa kuwa suna da nasu reshen, Rotaract, wanda aka fi gani a jami'o'i da kwalejoji.

Ayyukan kulob na yau da kullum ƙanana ne: rijiyar burtsatse a wata unguwa, bencina a makarantar firamare, gudummawar jini, kai kayan abinci gidan marayu, gwajin ido da hawan jini kyauta. Irin aikin da 'yan agaji da ƙungiyoyin matasa suke yi ne, sai dai a nan akwai hanyar da kuɗin waje ke bi ya iso, domin kulob na Kano zai iya haɗa hannu da wani kulob a Kanada ko Indiya su nemi tallafi daga gidauniyar ƙungiyar.

Alkawarin 1985

A 1979 Rotary ta ɗauki nauyin yi wa yara miliyan shida rigakafin shan inna a ƙasar Filifin. Nasarar wannan aiki ce ta sa a 1985 ta ƙaddamar da shirin PolioPlus, da burin kai maganin ga kowane yaro a duniya. A 1988 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka haɗu da ita aka kafa gangamin kawar da cutar. A lokacin, shan inna tana nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. A 1996 Nelson Mandela ya jagoranci ƙaddamar da gangamin nahiyar Afirka, inda ake ƙiyasin yara 75,000 ne ke shanyewa a shekara.

Ƙwayar cutar tana shiga ta baki ne, ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata. Yawancin yaran da suka kamu ba sa nuna wata alama, suna dai yaɗa ta. A cikin kamar ɗari biyu, ɗaya ne ƙafarsa ko hannunsa ke shanyewa, kuma in ta shanye ba ta da magani. Saboda haka duk yaro ɗaya da aka gani yana jan ƙafa, akwai ɗaruruwa a kewayensa da ƙwayar ta ratsa. Wannan ne ya sa ba a wadatar da yi wa yaro sau ɗaya ba, ake ta komowa zagaye bayan zagaye ana ɗiga wa duk ɗan ƙasa da shekara biyar ɗigo biyu a baki. Masana sun san dalilin wannan naci. Uwar da ke cikin gida ba a yi mata bayaninsa yadda ya kamata ba, kuma a wurare da dama an tashi ne da fahimtar cewa wannan lalura aikin iska ce, wadda ake nema wa magani wurin masu magani na gargajiya.

Shekarar da Kano ta ce a'a

Jonathan Majiyagbe, babban lauya da ya yi shekaru masu yawa yana aiki a Kano, ya hau kujerar shugabancin Rotary ta duniya a Yulin 2003. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe ta. A cikin watannin nan ne Dakta Datti Ahmad, likita kuma shugaban majalisar ƙoli ta harkokin shari'ar Musulunci, ya fito da zargin cewa an gurɓata maganin da sinadarin hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin har sai an yi bincike, Zamfara da Kaduna ma suka dakatar.

Abu ne mai sauƙi a yau a kira wannan jahilci a wuce, amma wanda ya yi haka bai yi wa Kanawa adalci ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ce ta kashe su, iyaye kuma suka ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A 2003 ke nan maganar tana nan ɗanya, ga shi kuma Amurka ta afka wa Iraƙi a watan Maris. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Akwai kuma tambayar da magidanta ke yi a ƙofar gida, wadda a ganina ta fi zargin sinadari ƙarfi, ta kuma fi shi daɗewa: yarona na fama da zazzaɓin cizon sauro, na je asibiti an rubuta mini magani in saya, ƙyanda ta kashe ɗan maƙwabcina ba wanda ya leƙo, to me ya sa wannan ɗigon kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta, ana roƙona? Tambaya ce ta mai hankali, kuma masu gangamin sun ɗauki shekaru ba su da amsarta.

A nan iyakar kulob ta bayyana. Rotary na da kuɗi, tana da shugaban duniya mazaunin Kano, 'ya'yanta na iya ganin minista ko gwamna in sun nema. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai sa mai gida a Ƙofar Mazugal ya ɗaga labulen zaurensa. Hasali ma, sunan ƙungiya daga Amurka a jikin kwalin magani ƙarin abin zargi ne a wancan yanayi.

Gwamnatin tarayya ta tura tawaga ta malamai da masana zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indonesiya don a gwada maganin. Daga ƙarshe Kano ta amince da wanda aka sarrafa a Indonesiya, ƙasar Musulmi, aka koma rigakafi a ƙarshen Yulin 2004. A watan Oktoba shugaba Olusegun Obasanjo ya zo Kano ya ɗiga wa 'yar gwamnan maganin a bainar jama'a. Sai dai kafin nan ɓarna ta riga ta auku. Ƙwayar cutar mai asali daga arewacin Najeriya ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta ratsa Chadi da Sudan, ta tsallaka Yaman, ta kai har Indonesiya a 2005. A 2006 yaran da suka shanye a Najeriya sun haura 1,100. Saudiyya ta sa sharaɗin shan maganin a kan maniyyatan Najeriya, tsofaffi masu furfura suna buɗe baki ana ɗiga musu abin da aka hana jikokinsu.

Waɗanda suka shiga gidajen

Janye dakatarwar gwamnati bai janye shakkar da ke zukata ba. Abin da ya sauya lamarin ya zo a hankali, kuma kusan dukkansa daga cikin gida ya fito.

A 2006 aka sauya salon zagayen, aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwa: sinadarin bitamin A, maganin tsutsar ciki, sabulu, wani lokaci gidan sauro. Daga baya aka ƙara da sansanonin lafiya na wucin gadi, inda uwa za ta kawo yaro a duba shi, a ba shi maganin zazzaɓi ko na gudawa, ita ma a auna ta, sannan a ɗiga masa na shan inna. Wannan ita ce amsa ta farko ta gaskiya da aka ba wa tambayar magidancin nan, kuma kuɗin Rotary na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin irin waɗannan sansanoni da rijiyoyin burtsatse a wasu garuruwan arewa.

A 2009 gwamnoni suka sa hannu a kan alkawari a Abuja a gaban Bill Gates, kuma a shekarar ne Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko. Daga nan magana ta fara bin hanyar da jama'a suka sani: daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa, wanda ya san kowane gida da sunan mai shi. In mai gida ya ƙi, mai unguwa ne zai zo da kansa su zauna a kan tabarma, wani lokaci da limamin masallacin da mutumin ke bi salla. Alƙaluman waɗanda suka shanye sun nuna tasirin: yara 798 a 2008, 388 a 2009, sai 21 kacal a 2010. Da aka yi sake, adadin ya sake hawa zuwa 122 a 2012, fiye da rabin na duniya duka a shekarar. Wannan ya sa aka kafa cibiyoyin ko-ta-kwana a Abuja da Kano da wasu jihohi, inda ake bin sawun kowace mazaɓa, gidauniyar Dangote da ta Gates kuma suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Kano kan rigakafin yau da kullum.

Amma wanda ya ɗauki nauyin aikin a kansa, a zahiri, mace ce. Gida mai "ba shiga" namiji baƙo ba ya wuce zaurensa, komai rigarsa da katin shaidarsa. Matan unguwa ne suka rataya akwatin ƙanƙara, suka bi lungu-lungu cikin rana, suna sallama, suna gaisawa da matar gida, suna tambayar mai jego, suna ɗiga magani, su shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu, su rubuta alama da alli a jikin bango. Akwai dubban mata masu faɗakarwa da aka ɗauka daga cikin unguwanninsu, waɗanda ba sai ranar zagaye ake ganin su ba: suna zuwa suna, suna bin masu ciki su je awo, sun san gidan da aka haihu jiya. Ungozomomi sun shiga, matan FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, sun shiga. An zage su, an kore su, an rufe musu ƙofa, a kan alawus ɗin da bai taka kara ya karya ba. Ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka harbe tara daga cikin masu wannan aiki a wasu ƙananan asibitoci biyu a Kano. Allah Ya jiƙansu da rahama. Zagaye na gaba da aka kira, mata sun fito.

Sai kuma waɗanda cutar ta riga ta taɓa. A Kano suna da ƙungiyarsu, suna ƙera kekunan guragu da hannunsu, suna buga ƙwallo a kan allunan taya. Da suka fara bin tawagar rigakafi zuwa gidajen da aka ƙi, gardama ta ragu ƙwarai, domin mutumin da ya iso ƙofarka a kan keke ya ce maka da iyayensa sun samu wannan ɗigo da yanzu da ƙafarsa yake tafe, ba ka da abin ce masa.

To ina Rotary a cikin wannan duka?

Tana baya, kuma a ganina nan ne wurin da ya dace da ita. Mafi yawan kuɗin da ta tara, wanda ya haura dala biliyan biyu a duniya tun 1985, ba ta hannun kulob yake bi ba. Ana miƙa shi ne ga Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, su biya kuɗin mota da man fetur da ƙanƙara da horo da alawus da bin sawun duk yaron da ƙafarsa ta saki. Kuɗin nan daga aljihun mutane irin 'yan kulob na Kano suke fitowa, a garuruwan da yawancinsu an manta da shan inna tuntuni, kuma gidauniyar Gates na ninka kowace dala da biyu. Kwamitin PolioPlus na Najeriya, wanda likitan zuciya Dakta Tunji Funsho ya shugabanta daga 2013, shi ke zama a teburi ɗaya da gwamnati, yana tuna wa gwamna kuɗin da ya yi alkawari bai saki ba. 'Yan kulob kuma sukan fita ranar zagaye a matsayin masu sa ido, su duba ko akwatin ya yi sanyi, ko an tsallake wani layi, su yi tattaki ranar 24 ga Oktoba don tuna wa jama'a cewa aiki bai ƙare ba.

Babbar gudummawarta a wurina ita ce naci. Gwamnatoci sun zo sun wuce, ministocin lafiya an canza su ba adadi, masu ba da tallafi sun gaji sun dawo, wa'adin shekarar 2000 da aka ɗiba tun farko ya wuce ba a cika shi ba. Ƙungiyar da ke canza shugaba duk shekara ta riƙe alkawari ɗaya fiye da shekara talatin da biyar, kuma taron mako-mako da kuɗin ƙa'ida da littafin lissafi su ne suka ba ta wannan dogon numfashi. Inda take da rauni kuma har yau bai gushe ba. Kulob ɗin da ke taro da Turanci a otal, da kuɗin shiga da ya fi ƙarfin malamin firamare, zai ci gaba da zama baƙo a cikin ganuwa, kuma duk ranar da wata sabuwar jita-jita ta tashi sai ya sake neman mai unguwa da liman da matar da ke ɗauke da akwati. Da kulob-kulob na arewa za su jawo irin waɗannan mutane cikin shawara tun daga tushe, su riƙa zama da ƙungiyoyin unguwa da 'yan agaji a matsayin abokan aiki, da an rage tazarar.

Yaro na ƙarshe da ƙwayar daji, wato ainihin ƙwayar cutar da ba daga maganin rigakafi ta samo asali ba, ta shanye a jihar Kano an same shi ne a ƙaramar hukumar Sumaila a Yulin 2014. A 2016 aka gano wasu huɗu a Borno, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga shekara da shekaru, aka sake ɗaura ɗamara, har da sojoji da 'yan sa kai na yankin wajen kai maganin. Ranar 25 ga Agusta, 2020, kwamitin da Farfesa Rose Leke ta Kamaru ke shugabanta ya tabbatar da cewa yankin Afirka ya rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Yanzu Afganistan da Pakistan ne kaɗai ba a taɓa katse yaɗuwarta ba.

Akwai sauran aiki a gida. Ɗigon baki na ɗauke da ƙwaya mai rai da aka raunana, kuma a wurin da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, tana iya yawo daga ciki zuwa ciki har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfinta. Wannan nau'i yana ci gaba da shanye yara a Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Katsina da Kano, da kuma ƙetaren iyaka a Nijar da Chadi, musamman inda 'yan bindiga suka tare hanya ko inda jarirai ba sa samun alluran yau da kullum. A Maris 2021 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon ɗigon da aka ƙera don rage wannan rikiɗa. Shi ya sa har yanzu ake ƙwanƙwasa ƙofa, kuma magidanta suna da sabuwar tambaya: ba an ce an gama ba? Matar da ke tsaye a zaure da akwati ita ake jefa wa tambayar, kuma sau da yawa horon kwana ɗaya ko biyu da aka ba ta bai tanadar mata amsa ba.